Kafin Tafki Na Uku Ya Cika

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban hukumar gari, shugabar sashen ruwa, malamanmu, Inna matar marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, abokan aiki, da ku da kuka taso daga ƙauyukan bakin rafi, ina gaishe ku.

Ranar Talata, sha huɗu ga wata, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Baba Mai Tafki ya zauna a bencin ɗakin injin, ya ce kansa na juyawa. Ni kaɗai ke wurin. Motar asibiti ta iso sha ɗaya saura kwata. Likita ya ce a hanya ya cika.

Wata biyar kacal na yi a ƙarƙashinsa. Ku yi haƙuri, abin da na gani kaɗai zan faɗa.

Ya kasance mai kula da matatar ruwan dattin garin nan shekara ashirin da shida. Mu mukan zubar mu manta, shi ke karɓa. Ya kasance yana gane lafiyar tafki da hanci tun ban gama wanke kwalbar gwaji ba. Ya kasance in wani ya toshe hanci kusa da shi a mota, sai ya ce masa kada ya damu, kayan gidansu ne.

A takardar aiki an rubuta a buɗe ƙofar tafki na uku duk Litinin, ruwan da aka tace ya gangara rafi. Sati na biyu da zuwana na buɗe ta ƙarfe takwas daidai, ina jin na yi abin kai. Sai ga Baba da gudu, mutum mai ciwon gwiwa, ya rufe, ya tsaya yana haki.

"Mai Digiri, takardar nan tana wanki a rafi? Tana da shanu?"

Ya ce ko an tace ruwan, ba na shiga ba ne nan take, kuma cikin awa uku yake isa mashaya ta farko. Shi ba ya buɗewa sai ya buga waya ƙauyuka, an tabbatar masa masu wanki sun tashi, an kau da dabbobi, masu lambu sun ɗaga injinansu. Na tambayi wa yake kira. Ya ce mutanensa ne, zai haɗa ni da su bayan damina. Na rubuta "bayan damina" a littafina, ban sake tambaya ba. Wannan laifina ne.

Yau kwana sha ɗaya rabon da a buɗe ƙofar. Da safen nan saura santimita sha huɗu ruwa ya kai baki, kuma yana hawa biyu a rana. Kwana bakwai ke nan, in ba a yi ruwan sama ba. Gaɓar tafkin ginin ƙasa ce, ba siminti ba. In ruwa ya tsallake za ta zaizaye, dattin da ke kwance a ƙasa ya bi rafi.

Inna, na san ba yau ya kamata a tambaye ki ba, ki gafarce ni. Wayarsa tana hannunki, a kulle. Yaya, babban ɗansa, kai da ka sha kai shi wurin aiki, ko ka taɓa jin sunan da yake ambata?

Ga abin da har yanzu ba mu sani ba. Mutum nawa yake kira. Ƙauye biyu ne, ko har da na uku da ke bayan gada. Awa nawa yake ba su kafin ya buɗe. Wa ke gaya musu ruwa ya wuce, su koma. Ko a cikinku akwai wanda ke jiran waya tun ranar Litinin.

In akwai, don Allah kada ka tafi. Ina bakin ƙofa bayan addu'a.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya wanke shi tas, Ya ba Inna da yara haƙuri. Allah Ya sa mu buɗe ƙofar nan ba kowa a cikin ruwa. Amin.