Maganin da Aka Ajiye Saboda Hanci

A ɗakin jira na asibiti, muna layin gwajin sabon zazzaɓin nan, wata dattijuwa ta dubi mutumin da ke gefenta, yana dafe da ƙirji.

"Ɗana, zazzaɓin ne?"

"A'a, Mama. Waya aka sa min a jijiyar zuciya bara, irin mai buɗe hanyar jini. Wancan makon suka zura min auduga a hanci, wai za su karanta asalin ƙwayar cutar, su san ta inda take yaɗuwa. Hancin ya yi ta jini. Yau za su sake, shi ya sa na ajiye maganin tsinka jinina."

"Likita ne ya ce?"

"Ni na ga ya dace. Kada jini ya ɓata musu gwaji."

"Sannu, mai kirki. Maigidana ma wayar gare shi. Ya ajiye nasa don za a cire masa haƙori, jini ya daskare a cikinta. Da haƙorin aka binne shi. Tashi."

"Layina zai wuce, Mama."

"Ya wuce. Hancinka ba guduwa zai yi ba."

Ta ja shi har ƙofar likita, ta buga da sandarta. Na ajiye hulata a gurbinsu.