Shekara Ashirin Da Bushiya Mai Faci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, manyan baƙinmu daga gidajen talabijin da na rediyo, malamanmu na makarantun koyon zane da aikin jarida, iyayenmu mata da iyayenmu maza, abokan aiki na da da na yanzu, yaran da suka cika kujerun baya, da sauran jama'ar da suka amsa gayyata, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi muku sannu da zama.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana cikar wannan kamfani shekara ashirin. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin ba da tarihi, duk da cewa ni ba mai zane ba ce, ba kuma mai riƙe kyamara ba. Aikina tsara shirye-shirye: wa zai yi me, yaushe zai gama. Ina jin an zaɓe ni ne don ni ce ƙanwar wanda ya kafa kamfanin, kuma ni kaɗai ce ban taɓa barinsa ba ko da na wata guda. Zan taƙaita bayanina a kan abubuwa huɗu.

Abu na farko, yadda aka fara.

An fara ne a ɗaki ɗaya a saman shagon wani mai facin taya, da mutum uku. Akwai Yayana, wanda ga shi nan a sahun gaba, shi ne mai zane. Akwai abokinsa tun suna makaranta, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ne mai kyamara da haɗa sauti. Sai ni. Kayan aikinmu kyamara ɗaya ce ta hannu, da makirufo guda, da tebur mai gilashi wanda Injiniya ya saƙala wa fitila a ƙasa, don Yaya ya riƙa hango zanen baya ta cikin takardar da yake zana na gaba.

Shekara biyu muna ɗaukar tarurruka da bikin yaye ɗalibai, muna yin ƙananan tallace-tallace. Wata rana Yaya yana leƙen mai facin nan ta taga, sai ya juyo ya ce mini, "Ƙanwata, wace dabba ce bai kamata ta yi sana'ar faci ba?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Bushiya mana! Ta liƙe rami ɗaya, ta juya, ƙayarta ta huda uku." Daga wannan raha aka samu Bushiya Mai Faci, katun ɗin da yawancinku kuka san mu da shi.

Ya kamata jama'a su san nauyin aikin. Daƙiƙa ɗaya ta motsi tana cin zane goma sha biyu. Shiri na minti biyar yana cin zane dubu uku da ɗari shida, kowanne da fensir, kowanne da hannu. Kashi na farko ya ɗauke mu wata biyar. Muryar Bushiya kuwa, wata malamar firamare ce da ta yi ritaya, muna kiranta Goggo. Ta hawo benenmu ne don ta yi mana faɗan ƙarar janareta, Yaya ya ji muryarta, ya roƙe ta ta maimaita faɗan a gaban makirufo. Allah ya jiƙanta, ta yi mana shekara goma sha huɗu.

Abu na biyu, saɓanin da ya raba mu.

Zan faɗe shi a fili, domin tarihin da aka cire wa saɓani ba tarihi ba ne. A shekara ta bakwai mun kai mutum goma sha huɗu, mun koma gida mai ɗaki biyar, wata babbar tashar talabijin tana nuna shirinmu kowane mako. Injiniya ya kawo shawarar a koma zane da kwamfuta. Yaya ya ƙi. Injiniya ya ce masu zane suna kwana da ciwon wuya, aiki kuma ba ya sauri. Yaya ya ce kwamfuta ba ta san inda Bushiya ke jin kunya ba. Suka yi wata uku suna wannan muhawara, har ta kai ba sa gaisawa sai ta bakina. Ranar ƙarshe Injiniya ya ajiye makullan ɗakin sauti a kan teburina ya ce, "Ƙanwata, ki gaya wa Yayanki na bar masa fensirinsa." Ya tafi ya buɗe shagon gyaran kwamfuta. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma babu wanda ya saurari ta ɗan'uwansa.

Abu na uku, shekarar da muka kusa rasa kamfanin.

Bayan shekara biyu da tafiyar Injiniya, muna tsakiyar zango mai kashi ashirin da shida, saura tara, sai Yaya ya faɗi a bakin teburinsa da hantsi. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya daina aiki, magana ta yi nauyi. Masu zanenmu ƙwararru ne, amma tsarinmu a lokacin shi ne Yaya ya zana manyan motsi, su kuma su cike tsakani. Da babu shi, aiki ya tsaya cak.

A mako na uku daraktan tashar ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa bai faɗe shi da mugunta ba. Ya ce, "Malama, kin san ba za ku iya ƙarasawa ba. Ku miƙa mana Bushiya ta zama mallakar tasha, mu ɗauki ma'aikatanku duka, kowa ya samu wurin zama." Na tambaye shi wa zai riƙa yanke abin da Bushiya za ta faɗa. Ya ce, "Tasha mana."

Na tara ma'aikata na faɗa musu yadda muka yi, ban rage ba, ban ƙara ba. Mutane ne masu iyali, ba wanda zai zarge su idan suka zaɓi tabbas. Huɗu suka ce za su koma tashar, suka koma, kuma biyu daga cikinsu suna cikin wannan zaure, muna yi musu maraba da zuciya ɗaya. Sauran suka ce a jarraba.

Washegari na tafi shagon Injiniya. Na same shi ya kwance wata kwamfuta, kansa a sunkuye. Ban gama sallama ba ya ce, "Shi ya aiko ki?" Na ce, "Ba ya iya aike, Yaya Injiniya. Ni na kawo kaina." Ya ci gaba da ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya har ya rufe ta. Sannan ya ce, "Tsofaffin zanen suna nan?" Na ce suna nan cikin kwalaye, ko ɗaya ba a yar ba. Ya ce, "To, mu je."

Abin da ya yi shi ne, ya kwashe zanen Yaya na shekaru ya shigar da su kwamfuta, ya rarraba Bushiya gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, ƙaya daban, yadda masu zane za su iya motsa ta ba tare da an sake zana ta daga farko ba. Da aka gama gwajin farko, muka ɗauki kwamfutar muka kai wa Yaya gida. Mutanen nan biyu ba su ga juna ba shekara biyu. Injiniya ya gaishe shi, ya kunna gwajin, daƙiƙa goma na Bushiya tana tura taya. Yaya ya kalla har ƙarshe. Muna jiran godiya, ko hawaye. Sai ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Tafiyar gawa."

Injiniya ya rufe kwamfutar. Na ɗauka ya sake tafiya ke nan. Sai ya ce, "Nuna min." Yaya ya ɗora yatsu biyu na hannun hagu a kan bargo, ya taka su a hankali, yana ɗan tsayawa kafin kowane taku, kamar mai tsoron ya huda wani abu. Sau goma sha bakwai aka sake wannan tafiya. A na goma sha bakwai Yaya ya ce, "Ita ce."

Mun miƙa kashi taran nan a makare da mako uku. Tashar ta nuna su, sannan ba ta sabunta yarjejeniya da mu ba, kuma tana da hujjarta. Muka yi wata goma sha ɗaya babu shirinmu a kowace tasha. Amma Bushiya tana hannunmu, kuma abin da za ta faɗa wa yara mu ke yanke shi. Wannan ita ce ma'anar kalmomin da ke jikin allon ƙofarmu, kamfani mai zaman kansa: ba gata ba ne, zaɓi ne, kuma zaɓi ne mai tsada.

Abu na huɗu, aikinmu a yau.

Yau mu talatin da takwas ne, a sassa huɗu. Sashen rubutu ne ke ƙirƙiro labari, kuma ba ya sakin labari sai an karanta shi ga yara an ga inda suka yi dariya da inda suka fara hamma. Sashen zane ne ke ba labarin jiki. Sashen sauti ne ke ba shi murya. Sashen talabijin kuma yana fita da kyamara, ya ɗauko shirye-shiryen gaskiya a kan masu sana'a, da manoma, da ma'aikatan jinya. Bushiya ta kai kashi ɗari biyu da sittin, tashoshi shida ne ke nuna ta. Duk sabon mai zane da muka ɗauka, wata shida yake yi da fensir da takarda kafin ya taɓa kwamfuta. Wannan doka ba Yaya ne ya kafa ta ba. Injiniya ne.

Ina kira ga gidajen talabijin da su sayi aikin ƙananan kamfanoni ba tare da sun haɗiye su ba. Ina kira ga iyaye da su zauna su kalli abin da 'ya'yansu ke kallo, su gaya mana inda muka kauce. Ina kira ga malamai da su daina kallon ɗalibin da ke zane a bayan littafinsa a matsayin mai ɓata takarda.

Daga ƙarshe, an ba ni saƙo biyu in isar. Na ɗaya daga hukumar kamfani ne: daga farkon wata mai zuwa Yaya zai ajiye shugabanci, Injiniya zai karɓa. Yaya ne da kansa ya kawo sunansa.

Na biyu daga Yaya ne. Da yake doguwar magana tana yi masa wuya, na tambaye shi jiya abin da yake so in faɗa wa jama'a a madadinsa bayan shekara ashirin. Na zo da takarda da biro, na shirya rubuta nasiha. Ya yi tunani mai tsawo, sannan ya ce, "A kashi na huɗu, wurin da take hura taya, hannunta na hagu yatsa biyar ne, na dama huɗu. Ni na yi kuskuren. Ba wanda ya lura. Ki ce wa sabon shugaba ya gyara."

Na kai wa sabon shugaba saƙon yau da safe. Ya ce ba zai gyara ba.

Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, ya taya Injiniya riƙo. Allah ya jiƙan Goggo da sauran waɗanda suka riga mu. Allah ya albarkaci hannuwan da ke zane, da muryoyin da ke magana, da idanun da ke kallo. Allah ya raya mana yaranmu a kan alheri, ya saka wa duk wanda ya taka ƙafarsa zuwa wannan zaure, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.