Inuwa a Gilashin Talabijin

A shagon mai gyaran talabijin, wani dattijo ya kasa zama, sai kai da komo yake gaban tasa talabijin ɗin. Wata mata da ke jiran layi ta leƙa.

"Baba, sabuwa ce fa. Me ya same ta?"

"Inuwa ce ta kwanta a gilashin. Yara suka matsa in kawo."

"Ai irin wannan talabijin, filasma, ba ta son hoto ya tsaya cak, balle sabuwa; inuwarsa ke zama a gilashin. Me ka tsayar?"

"Bidiyon matata marigayiya, daidai inda take dariya. Kwana uku."

"Allah ya jiƙanta. Kwantar da hankalinka, mai gyara zai goge ta tas."

Dattijon ya sunkuya ya rungumi abarsa.

"'Yata, riƙe mini ƙofar nan in fita."