Birkin Ƙafa

A wani shagon keke a Pittsburgh, wani tsoho da wata mai kai wa mutane abinci suna jiran layi, kowa riƙe da kekensa.

"Yarinya, injin lantarkin nan na kekenki shi ne na tsakiya, mai jan sarƙa?"

"Shi ne, Baba. Wanda ake sawa a taya ba ya iya tudun garin nan."

"To shi zan sa. Likita ya hana ni tuƙin mota. 'Yata Loretta kuma ta ce muddin ba zan iya kai kaina kanti ba, sai in tattara in koma wurinta."

"Amma kekenka birkin ƙafa gare shi. In aka ɗaura irin nawa, ko ka juya feda baya ba zai tsaya ba. Dole a sa maka na hannu."

"Babu wata dabara?"

"Na hannu ai ba wuya. Ga nawa, matsa ka ji."

Ya ɗora hannu. Yatsun suka lanƙwasa rabi, suka tsaya suna rawa.

"Sanyin safiya ne, haka suke yi."

"Baba, yamma fa ta yi. Loretta ta san halin da hannun nan yake ciki?"

"Ni dai in hau tudun nan. Gidana yana can sama."

"Injin zai kai ka sama, babu shakka. Saukowar nake jiye maka."

Mai shago ya leƙo ya tambaya wa ke biye.

"Wuce gabana, yarinya," in ji tsohon. "Ni ba sauri nake ba."