Wanda Ya Tafi da Katinka

Kaka: Salamu alaikum. Maigidana ne?

Jika: Wa alaikumus salam, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ina wuni?

Kaka: Lafiya lau. Ya aiki? Ya matarka da tarin yarinyar?

Jika: Da sauƙi. Ya ƙafar taki?

Kaka: Tana nan, ita ta kawo ni inda nake. Wace iska ce nake ji a kanka haka?

Jika: Ina kan rufin wani bene, na'urar sanyi nake ɗaurawa. Ɗaga murya, layin yana yankewa.

Kaka: To sauko ƙasa tukuna.

Jika: Kaka, faɗi kawai, hannuna ɗaya a tsani yake.

Kaka: Shi ya sa na ce ka sauko. Jika ɗaya a gadon asibiti ya ishe ni yau.

Jika: Wane jika? Na sauko. Wane jika?

Kaka: Ina shuɗiyar rigarka ta aiki, da katin nan mai hotonka da kake ratayawa a wuya?

Jika: Suna wurin Dogo. Aiki biyu suka haɗe mini, na tura shi gidan mai babbar katangar nan ya duba musu na'urorinsu. Ƙanena ne, ya fi ni iya aikin ma. Me ya same shi?

Kaka: Masu gadin gidan sun dake shi. Babbansu ya duba katin ya duba fuskarsa, ya ce ba shi ba ne. Dogo ya ce shi ne. Suka rufe ƙofa. Su uku, da kulki da bel, har da sifanar da ke jakarsa. Sun fasa masa gira, haƙori ya fita, hannun dama ya karye nan wajen wuyan hannu. Rigar taka na gan ta, ko tsumman goge ƙasa ba za ta yi ba.

Jika: Inna lillahi. Yana magana?

Kaka: Yana magana. Ɗayan hannun kuma ankwa ce ta haɗa shi da ƙarfen gado, ga ɗan sanda zaune a kansa. Sun rubuta ɓarawo ne, ya saci kati ya shigo leƙen gida.

Jika: Ɓarawo? Ai ina da dama, Kaka. Yana cikin yarjejeniyata da kamfanin da ke samo mana aiki. Ni ba ma'aikacinsu ba ne, kwangila nake karɓa. In ban samu zuwa ba, zan iya tura ƙwararre a madadina. A rubuce yake.

Kaka: Na ji wannan karatun. Mutumin ofishin naku ya zo da ƙaton agogonsa ya yi mini shi. Ya ce gaskiya ne kana da damar, amma sai ka fara gaya musu, su gaya wa masu gida, a ba wa mai zuwa nasa katin. Ka gaya musu?

Jika: Kaka, ba ki san mutanen nan ba. A takarda sun yarda, amma da ka ce za ka turo wani, sai su daina kiranka, wai masu gida kai suka sani. Kowa haka yake yi, a ba da riga a yi shiru.

Kaka: Tambayarka na yi, ka gaya musu?

Jika: Ban gaya musu ba.

Kaka: Me ka ce wa Dogo da zai tafi?

Jika: Na ce in an tambaye shi ya ce shi ne ni.

Kaka: To ya bi maganarka. Suna dukansa suna cewa ya faɗi wanda ya ba shi katin, yana cewa nasa ne. Da ya ce yayana ne ya aiko ni, da waya ɗaya za su buga. Har yanzu ɗan sandan yana tambayarsa, ya juya fuska bango. Da na sunkuya kansa, abin da ya ce mini kawai, kada a ambace ka, aikinka zai tafi, yarinya ba lafiya.

Jika: Wallahi yau sai na ga jinin masu gadin nan. Na san su. Mai tabo a goshin nan, ni na gyara masa fankarsa kyauta. Ina da babbar sifana a nan, hannun da ya karya zan karya masa biyu.

Kaka: Sannu, jarumi.

Jika: Ba wasa nake ba.

Kaka: Ni ma ba wasa nake ba. Ka ɗauka kai kaɗai ne mai zuciya? Mutumin agogon nan cewa ya yi su ba su san wani Dogo ba, a bakinsu wanda suka tura daban ne. Ban san lokacin da sandata ta sauka a ƙaurinsa ba. Sai da ma'aikatan jinya biyu suka riƙe ni, ɗan sandan yana dariya. Ya ji zafi, ni ma na huce, ankwa kuma tana nan inda take.

Jika: Kin dake shi?

Kaka: Sau ɗaya. Na biyun kujera na samu.

Jika: To ki bar ni in yi nawa.

Kaka: Naka ba a ƙofar gidan can yake ba. Ka je ka fasa kan mai gadi, su kulle ka, wa zai ce shi ya ba da katin? Gobe su ɗauki Dogo daga gado zuwa kotu da sunan sata. Matarsa tana nan a baranda da tsohon ciki, tun ɗazu ko ruwa ta ƙi sha. Me zan ce mata? In ce yayansa ya tafi nuna ƙarfi?

Jika: In na faɗa, sun cire ni ke nan. Babu kamfanin da zai ƙara ba ni aiki.

Kaka: Za su cire ka. Ba zan yi maka ƙarya ba, mutumin ya faɗa yana ɗingishi. Amma hannuwanka biyu lafiya suke. Ni na goya ku duka, kai a baya shi a kafaɗa, na san wanda ke ɓuya in an fasa kwano, na san wanda ke tsayawa a dake shi. Yau ba zan bari ba.

Jika: Kaka...

Kaka: Kuka kake yi? Yi abinka, ba mai ganinka. Ka share fuskar ka kawo ta nan, a ɗora ta kusa da katin, ɗan sandan ya gani da idonsa. Masu gadi kuwa, in an cire wa yaron sunan ɓarawo, mu za mu kai su ƙara, ni da sandata a gaba.

Jika: Ina zuwa.

Kaka: Ina? Nan ko can?

Jika: Na ce ina zuwa.

Kaka: Ina jin ƙarfe yana bugun maɓallan jakarka. Matar nan ta cikin waya ta ce kuɗina sun kusa ƙarewa, ba ni da lokacin lallashi. Ciro sifanar ka yar, in ji faɗuwarta.

Jika: Ta aiki ce, Kaka, da tsada na saya.

Kaka: Dogo ma da tsada na raine shi. Yar.

Jika: Kin ji?

Kaka: Na ji. Allah ya yi maka albarka. Ka biya ka sayo masa riga, tsirara yake daga wuya zuwa cibiya. Ɗakin ƙashi ne, in ka shigo ka bi hannun hagu, za ka ga wani mai agogo yana riƙe da ƙauri, kada ka ta...