Takardar da Na Tsinta a Kwanon Saratu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bulus mai doya na unguwar Coal Camp a Enugu, kuma da hannuna na rubuta wannan.

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Enugu, kowa ya tafi kallo ban da ni. Na kama hanya, ban ko kai kasuwar Ogbete ba numfashi ya gagare ni, na zube a bakin kwata. Ƙiba ce ta yi mini haka. Amma a lokacin alfahari nake da tumbina, don a wurinmu in mutum ya yi teɓa sai a ce kasuwa ta karɓe shi.

Matata Saratu ta ja ni asibitin mishan. Malamin asibitin, mutumin wajenmu ne, ya ce in rage ci, in riƙa tafiya a ƙasa, in ba haka ba zuciyata za ta gaji. Na ce, "Malam, yunwa ce ta koro ni daga gida, ba zan zo Kudu in sake nemanta ba." Na fice na bar su.

Daga nan gida ya canza. Manja ya ɓace a miya. Sakwara ta koma ɗan dunƙule, ganye ya cika kwano. Kekena ma Saratu ta ce ƙanenta ya ara, gobe zai dawo da shi. Goben nan ta yi wata uku! Dole nake takawa kasuwa safe da yamma, ina haki ina mita.

Sai wando ya fara zamewa. Danladi, maƙwabcina a rumfa, ya dube ni ya ce, "Oga Bulus, wa ya kama kurwarka? Mutum ba ya ramewa haka kawai. Bincika gidanka."

Maganar ta zauna mini. Na fara sa wa Saratu ido. In ta kawo abinci sai in ce ta fara ci. Ta ce, "Baban Ladi, shekara ashirin ina dafa maka, yau ne sai na ɗanɗana?" Ta ci tana hawaye.

Ran nan tana taron zumuntar mata a coci na zazzage kayanta. A ƙasan kwanonta na tsinci takarda a ninke, an ɗaure da zare. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, sunana kaɗai nake ganewa. Ga shi kuwa a sama: BULUS. Na ce shi ke nan, laya ce! Na ƙudura zan sa ta a jirgin ƙasa ta koma gidansu.

Kunya ta hana ni kai wa wani ya karanta. Na durƙusa na ce, "Ya Yesu, ka riƙe hannuna. Ka ba ni haƙuri har in karanta wannan da idona."

Mako shida takardar tana aljihuna. Ina zuwa aji, ina haɗa baƙi da wasali, tsakanina da Saratu gaisuwa kawai. Sai ran nan layin farko ya fito: "Rage manja." Na biyu: "Ganye da yawa." Na uku: "Ya yi tafiya kullum." Umarnin malamin asibiti ne!

Na kai mata takardar, na roƙi gafara. Ta ce, "Ni ma ban iya karatu ba, haddacewa na yi. Na ɓoye ne don na san halinka. Kekenka yana gidan fasto, in kana so."

Na ce a bar shi can.

Halleluya! Yau ina zagaye Ogbete ba tare da na zauna ba. Na gode wa Ubangiji da ya cece ni daga ƙiba, ya kuma cece ni daga zargi. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku jira shi kafin ku yanke hukunci.

Ga abin da na rasa: tumbi ɗaya, keke ɗaya, wanduna uku da suka yi mini yawa, da mako shida na hirar matata. Na ƙarshen nan ne kaɗai yake damuna.