Idon da Hajo Ta Lasa

Assalamu alaikum mai karanta mana wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Ɗan'azumi, manomi daga wani ƙauye kusa da Tabla.

Kakar bara muna ɗaurin dami, ƙaiƙayin hatsi ya faɗa mini a idon dama. Kamar yadda munka saba, matata Hajo ta buɗe idon da yatsu, ta sa harshe ta laso shi. Idon ya yi ta ciwo, daga baya ya yi shiru. Na ce na warke, alhali ƙuda na sauka a kan baƙin idon ba na ko ƙiftawa.

Ran kasuwar Filinge na ga lokotoro, wato likita. Ya taɓa idon da zaren auduga, ban ji komai ba. Ya ce, "Malam, jijiyoyin tantanin ido ne sunka mutu. Suna sake toho daga gefe kamar saiwar hatsi, amma sai a hankali. Ranar da ka ji zafi, ka gode Allah."

Kafin damina Hajo ta rasu.

Yanzu idon ya farka, amma wallahi ba zafi nake ji ba. Ina tsakar gona da rana tsaka, sai in ji ɗumi da laima daidai wurin, kamar harshenta. In na waiga, ba kowa.

Lokotoro ya ce in idon ya gama warkewa abin zai daina, ya ba ni magani. Ga shi a aljihuna, ban buɗe ba.

Masu saurare, ku ba ni shawara: in ɗiga, ko in bar mata idon?